Shin Ko Kun San? Dabarun Tatso Mai Daga Siririyar Shimfiɗa

Shin ko kun san cewa akwai zamanin da teku ya malale wani yanki na ƙasar da muke kira Jihar Sakkwato a yau? Maganar shekaru wajen miliyan 70 ake yi. A yankin Goronyo aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa, masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus a 1972. Farar ƙasar Kalambaina, wadda ake toya siminti da ita tun 1967, ita ma tarin ɓawon halittun teku ce da suka mutu suka kwanta.

Shin ko kun san abin da ya haɗa tsohon teku da man fetur? Ɗanyen mai ragowar ƙananan halittun ruwa ne da laka ta binne, ƙasa ta yi ta hawa kansu, zafi ya dafa su a hankali. Dahuwar tana son zafin da ya kai digiri 60 zuwa 120. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30, shi ya sa galibi sai lakar ta yi zurfin kilomita biyu ko fiye kafin ta ba da mai. Wadda ba ta nutsa sosai ba, ɗanya take zama.

Shin ko kun san cewa shimfiɗun duwatsun da ke ƙarƙashinmu sunayen garuruwanmu suke amsawa? Gundumi, Illo, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, Gwandu. Masanin duwatsu ko a Landan yake ko a Bejin, da waɗannan sunaye zai kira su. Shimfiɗun suna ƙara kauri ne in an nufi arewa maso yamma, cikin Nijar, inda ake kiran babban kwarin Iullemmeden. Kebbe kuwa tana kusa da bakin kwarin ta kudu maso gabas. Ka wuce ka nausa cikin Zamfara, tsohon dutse mai tauri ne ke leƙowa sarari, irin wanda ake samun zinariya a jikinsa amma ba a samun mai.

Shin ko kun san cewa har yanzu ba a haƙo ɗanyen mai na sayarwa a kwarin Sakkwato ba? A 2017 kamfanin NNPC, lokacin marigayi Maikanti Baru yana shugabancinsa, Aminu Waziri Tambuwal kuma yana gwamna, ya bayyana shirin bincike a kwarin. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta sanya Sakkwato cikin kwaruruwan da ake son a bincika, tare da Bida, Binuwai, Cadi, Anambra da Dahomey, ta kuma ware musu asusu na musamman. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ma asusun PTDF ya kafa kujerar farfesa ta nazarin sinadaran man fetur. A ganina, in Allah ya nufa aka dace wata rana, kada mu sa ran irin taskokin man Saudiyya. Abin da ya fi kama da hankali a kwari irin namu shi ne ƙananan taskoki marasa kauri, su kuwa sai da dabara.

Shin ko kun san cewa babu wani tafkin mai a ƙarƙashin ƙasa? Mai yana zaune ne a cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da ya daskare ya zama dutse. A dutse mai kyau, kafofin nan kan ɗauki kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na jikinsa. Kuma ba mai kaɗai ke ciki ba, akwai ruwan gishiri da ya manne wa ƙwayoyin tun fil azal.

Shin ko kun san cewa a duniya baki ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ake iya fitarwa na man da ke cikin taska? Sauran a can ake barinsa. Ga lissafi na misali. Ɗauki fili mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya, shimfiɗar mai a ƙarƙashinsa kaurinta mita 10, kafofi kashi 20 cikin 100, mai ya cika kashi 70 na kafofin. Wajen ganga miliyan 8.8 ke nan a kwance, kowace ganga lita 159. In aka yi aikin ganganci aka fitar da kashi 10, ganga dubu 880 aka samu. In aka iya aiki aka fitar da kashi 30, an haura miliyan biyu da rabi. Fili ɗaya, dutse ɗaya, bambancin duk daga hannun masu aiki yake.

Shin ko kun san cewa siririyar taska iri biyu ce? Akwai wadda dutsen yashin ne kansa ba kauri, mita biyu ko uku, laka a samansa, laka a ƙasansa, sai wani yashin kuma. Akwai kuma wadda dutsen yana da kauri sosai, amma iskar gas ta mamaye sama, ruwa ya mamaye ƙasa, mai ya maƙale a tsakiya, 'yan mitoci kaɗan. Nauyi ne ya jera su haka: gas ta fi sauƙi, ruwan gishiri ya fi nauyi. Ta biyun ita ce mai ba injiniyoyi ciwon kai.

Shin ko kun san dalilin ciwon kan? Da zarar rijiya ta fara zuƙa, matsi yana raguwa a kewayen bakinta. Ruwan da ke ƙasa sai ya yi tsiri ya taso, gas ɗin da ke sama ta zubo, duka biyun suna rige-rigen isa bututu. Su kuma sun fi mai saurin ratsa dutse, musamman gas. Ranar da ɗayansu ya iso, mai ya zama ɗan kallo: rijiya na ta aman ruwa ko iska, man yana nan kwance mita ɗari daga gefe, babu mai jawo shi. Morris Muskat da Ralph Wyckoff ne suka fara warware lissafin wannan tsiri na ruwa a Amurka, a 1935. Abin da lissafin ya nuna ba daɗi: akwai iyakar saurin zuƙa da in an wuce ta ruwa zai iso, kuma a siririyar taska iyakar nan ta yi ƙasa ƙwarai, har man da za a samu ba ya biyan kuɗin haƙa rijiyar.

Duk macen da ta taɓa kwalfe man da ya taso a kan miya ta san maganin. In ta luma ludayi a tsaye, romo za ta kwaso. Sai ta kwantar da shi, ta bi saman a hankali. Rijiya a kwance ke nan. Mai tsaye in ta ratsa shimfiɗa mai kaurin mita 10, mita 10 ɗin nan kaɗai ta taɓa. Wadda aka lanƙwasa ta bi cikin shimfiɗar tsawon mita 2,000 ta taɓa ninki 200 na haka, don haka kowace mita tana zuƙa a hankali, jimlar kuwa ta yi yawa, ruwa da gas ba su ji an tsokane su da wuri ba.

Shin ko kun san filin da ya fi kowanne suna a wannan fanni? Sunansa Troll, a tekun Norwe, arewa maso yamma da birnin Bergen, inda zurfin ruwan teku ya haura mita 300. An gano shi a 1979, kuma kowa ya ɗauke shi filin gas ne, domin gas ɗin ta yi yawan gaske. A ƙarƙashin gas ɗin akwai mai, amma kaurinsa mita 22 zuwa 26 ne a wani sashe, mita 11 zuwa 13 a sashe mafi faɗi. Shekaru aka yi ana cewa wannan man ba zai fitu da riba ba. Kamfanin Norsk Hydro ne ya ƙi haƙura. Wajen 1990 ya haƙa rijiyoyin gwaji a kwance, ya bar su suna zuba tsawon watanni don a ga yaushe gas za ta iso, aka ga lissafi ya fita. A 1995 aka fara haƙo mai gadan-gadan. Zuwa 2002 filin yana ba da sama da ganga dubu 400 a rana, kuma jimlar abin da aka kwasa daga man da aka ce ba shi da amfani ta wuce ganga biliyan ɗaya da rabi.

Wani abin mamaki a Troll shi ne inda suke kwantar da rijiyar. Mutum zai zaci tsakiyar man za a bi, a yi nesa da maƙiyan biyu daidai wa daida. Ina! Can ƙasa suke ajiye ta, kimanin rabin mita zuwa mita ɗaya sama da iyakar ruwa. Dalili kuwa gas ta fi ruwa ɓarna, ta fi shi gudu nesa ba kusa ba, gara a matsa kusa da ruwa a sha fama da shi. Ku tuna fa, ana wannan awon rabin mita ne a zurfin da ya haura kilomita ɗaya da rabi, daga kan jirgin haƙa da igiyar ruwa ke kaɗawa.

Shin ko kun san yadda mai haƙa yake gani a cikin wannan duhu? A bayan bakin injin haƙa akwai na'urori da ke auna yadda dutse ke karɓar lantarki. Ruwan gishiri yana barin lantarki ya wuce, mai yana hana shi. Na'urar tana aiko da labari sama ta hanyar bugun matsi a cikin taɓon haƙa da ke cike da bututun, kwamfuta ta fassara. Masanin duwatsu yana zaune gaban allo, ya ga alamar ruwa ta matso, ya ce a ɗaga baki sama da digiri ɗaya. Haka ake tuƙa rijiya, mita bayan mita, dare da rana.

Shin ko kun san cewa rijiya mai rassa ba sabon abu ba ce? Wani injiniyan Tarayyar Sobiyet, Alexander Grigoryan, ya haƙa mai rassa tara a Bashkiriya tun 1953.

Shin ko kun san cewa kamfanin Elf na Faransa ne ya nuna wa Turai ribar rijiya a kwance, a filin Rospo Mare da ke tekun Italiya, a 1982?

Cewa rijiyar Edwin Drake ta 1859 a Amurka, wadda ake yawan ƙirga tarihin sana'ar daga kanta, zurfinta mita 21 ne kacal? Akwai rijiyoyin gargajiya a ƙauyukanmu da suka fi ta zurfi.

Cewa a filin Al Shaheen na Katar, inda shimfiɗun suke sirara kuma masu tauri, kamfanin Maersk ya haƙa rijiya mai tsawon mita 12,289 a 2008, cikin kwana 36, kusan kilomita 11 daga ciki a kwance? A 2022 kamfanin ADNOC na Abu Dabi ya kai mita 15,240 a filin Upper Zakum.

Shin ko kun san cewa doguwar rijiya tana da nata aibin? Man da ya shigo daga can ƙarshe sai ya yi doguwar tafiya cikin bututu yana gogayya da bango, saboda haka zuƙa ta fi ƙarfi a gindin lanƙwasa, ta yi rauni a ƙarshe. Injiniyoyi suna kiran wuraren biyu diddige da ɗan yatsa. Gas kan fasa ta diddige, alhali ɗan yatsa bai ko fara aiki sosai ba. Don maganin haka aka ƙirƙiro 'yan maƙogwaro da ake jerawa a jikin bututun, kowanne yana shaƙe abin da ke shigowa gwargwado, domin a raba zuƙar daidai. A Troll aka fara su a shekarun 1990. Daga baya, wajen 2008, aka fito da masu aiki da kansu: wani ɗan faifai ne a cikin gida kamar murfin kwalba, in mai ne ke shigowa da kaurinsa, faifan ya ba da hanya. In gas ce ta iso a guje, gudun nata ne ke jawo faifan ya toshe ƙofa. Babu waya, babu batir, babu mai ba shi umarni daga sama.

Shin ko kun san cewa kafin a huda ƙasa, an riga an haƙa rijiyar sau ɗaruruwa a cikin kwamfuta? Wannan shi ne kwaikwayon taska. Ana yanka siffar taskar gida-gida, dubbai ko miliyoyi, a gaya wa kowane gida yawan kafofinsa, sauƙin ratsa shi, matsinsa, da yawan mai da ruwa da gas da ke cikinsa. Sai kwamfuta ta lissafa abin da zai fita daga wannan gida ya shiga na maƙwabcinsa yau, gobe, baɗi, har shekara ashirin. Injiniya ya sa rijiya a nan ya gani, ya matsar da ita sama da mita biyu ya sake gani, ya ƙara mata tsawo, ya rage zuƙa, ya yi mata reshe, ya tura ruwa ta gefe ko ya mayar da gas sama don riƙe matsi. Kuskure a allo wutar lantarki kawai yake ci. Kuskure a ƙasa miliyoyin daloli ne.

Shin ko kun san cewa ƙa'idar da duk wannan lissafi ya hau kanta daga aikin ruwan famfo ta fito? Henry Darcy injiniyan ruwan sha ne a birnin Dijon na Faransa. Ya cika bututu da yashi, ya tura ruwa, ya auna abin da ke fita, ya wallafa sakamakon a 1856. Har gobe da sunansa ake auna sauƙin ratsa dutse. Ƙa'idar da ke tafiyar da mai a Troll ita ce dai ke tafiyar da ruwa zuwa bututun mai noman rani a fadamar gulbin Zamfara. Su kuwa dabarun sa kwamfuta ta warware lissafin, Donald Peaceman da Henry Rachford na kamfanin Humble Oil a Amurka suna cikin waɗanda suka share hanya, da aikinsu na 1955. Saudi Aramco ta kai manhajarta ga gida biliyan ɗaya wajen 2010, a 2016 kuma ta sanar da gwajin gida tiriliyan ɗaya.

A siririyar taska, girman gidajen nan shi ne komai. In kaurin man mita 10 ne, aka yanka gidaje masu tsayin mita 5, gida biyu ke nan kacal, kwamfuta ba za ta ga tsirin ruwa yana tasowa ba, sai ta yi wa mai kuɗi albishir na ƙarya. Dole a yanka su sirara a kusa da iyakar ruwa da ta gas, a ƙara ƙanƙanta su a kewayen rijiya. Sannan akwai jarrabawa: a ba manhajar tarihin shekarun da suka wuce, a ga ko za ta maimaita abin da rijiyoyin suka zubar da gaske. In ta kasa faɗin jiya, babu dalilin yarda da ita kan gobe. Ko ta ci jarrabawar ma, siffofi daban-daban na ƙarƙashin ƙasa suna iya ba da tarihi iri ɗaya, shi ya sa masu hankali ke gina siffa da yawa, su zaɓi tsarin rijiyar da ba zai kunyata su a mafi yawansu ba. Ni dai ina tsoron hoton kwamfuta mai launi-launi da aka gina kan rijiya ɗaya tak. Kyansa ya fi iliminsa yawa.

Shin ko kun san cewa masu haƙa rijiyar burtsatse suna yin ƙaramin irin wannan aiki a gabanmu? Ku tsaya ku duba in ana haƙawa a Tambuwal ko Kebbe. Duk sandar ƙarfe da ta shige, yaron injin yakan tari abin da taɓo ya kwaso, ya tara shi 'yar tsibi a gefe, a jere: jar ƙasa, marmara, farin yumɓu, yumɓu mai toka-toka, sai yashi mai laushi, sai mai tsakuwa. Ogan ya tsuguna ya murza a tafin hannu, ya ce a nan za a sa bututu mai tsaga. Jerin tsibin nan tarihin ƙasar wurin ne, mita bayan mita. Abin takaici, yawanci da an gama aiki awaki ke bi ta kai, babu wanda ya rubuta. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta wallafa nazarin ruwan ƙarƙashin kwarin Sakkwato a 1973, inda aka nuna cewa a wasu kwaruruka ruwan shimfiɗar Gwandu yana tasowa da kansa ba famfo, saboda yumɓu ya danne shi. Irin wannan matsi ne ke turo mai sama a farkon rayuwar rijiya.

Shin ko kun san cewa rijiyar mai in ta tsufa, ruwa ta fi bayarwa? Ƙiyasin da aka fi ambato shi ne ganga uku ta ruwa a kan kowace ganga ɗaya ta mai a duniya. Ruwan gishiri ne mai dauɗa, ba na sha ba, ba na ban-ruwa ba, yawanci mayar da shi ake yi can ƙasa. A ƙasa irin tamu da mutane ke sha daga yashin Gundumi da Taloka da Gwandu, bututun ƙarfe da simintin da za su raba rijiyar mai da ruwan sha suna cikin tsarin rijiya tun ranar farko, kuma su ya kamata jama'ar gari su fara tambaya.

Shin ko kun san cewa misali mafi kusa da mu yana Nijar? Filin Agadem, a jihar Diffa. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya sa hannu a yarjejeniya a 2008, aka ja bututu mai tsawon kilomita 460 da wani abu zuwa matatar Soraz kusa da Damagaram, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga dubu 20 a rana. Man Agadem yana cikin shimfiɗun Sokor ne, yashi da laka suna karɓa-karɓa, ƙasa kuma ta tsattsage ta raba su ƙananan ɗakuna. Saboda haka ba ƙaton fili ɗaya ba ne, tarin ƙananan taskoki ne, kowace da nata matsi da nata iyakar ruwa. A 2024 aka fara loda man a jirgin ruwa a Seme ta Jamhuriyar Benin, ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 da aka gina don ɗaukar ganga dubu 90 a rana. Wani kamfanin Ingila, Savannah, ya haƙa rijiyoyi biyar a yankin a 2018, duka aka dace, uku daga ciki sunayensu Bushiya, Kunama da Zomo.

Shin ko kun san cewa a ɓangaren Najeriya na kwarin Cadi an haƙa rijiyoyi 23 a zagayen farko na bincike, biyu ne kawai, Wadi da Kinasar, suka nuna alamar gas? Neman mai haka yake, ba a yi wa kowa alkawari ba.

Shin ko kun san cewa Kolmani, a iyakar Bauci da Gombe, sai da aka je mata sau biyu? Kamfanin Shell ya haƙa ta farko a 1999, ya ga gas kaɗan, ya tattara ya tafi. NNPC ta haƙa ta biyu a 2019, ta sanar da samun mai da gas a watan Oktoba. Ranar 22 ga Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin, aka ambaci sama da ganga biliyan ɗaya. An yi murna, kuma murnar tana da hujja. Sai dai duk lokacin da kuka ji irin wannan adadi, ku tambaya: wanda ke kwance a dutse ne, ko wanda za a iya fitarwa? Kaurin shimfiɗun nawa ne? Rijiya nawa aka gwada, tsawon wane lokaci ta zuba, matsinta ya faɗi ko ya tsaya? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shin ko kun san cewa a Najeriya, inda matsalar siririn mai ta fi yawa shi ne Neja Dalta? Tun daga Oloibiri, inda Shell-BP ta dace a 1956 aka fara fitarwa waje a 1958, man yankin yana cikin shimfiɗun Agbada ne, yashi da laka hawa-hawa, rijiya ɗaya takan ratsa taskoki da dama. Da yawa daga cikinsu gas ce a sama mai kauri, mai a ƙasa ɗan siriri. A da can ba a damu da su ba, akwai masu kauri da ba a gama da su ba, gas kuma ƙone ta ake yi. Da masana'antar NLNG ta Bonny ta fara aiki a 1999, gas ta zama kuɗi, sai sabuwar rigima ta taso a ofisoshin injiniyoyi: wanne za a fara ɗiba?

Tambayar tana da nauyi. In aka buɗe gas ta sama tun da wuri, matsinta ya ragu, ruwan ƙasa sai ya turo man sama, ya shiga busasshen yashin da gas ta bari, ya shafe a jikin ƙwayoyi. Wanda ya shafe haka, mafi yawansa ya tafi ke nan. In kuma aka ce gas ta jira sai an gama da mai, ga kwantiragin sayar da gas an sa hannu, jirage na jira a tasha, gwamnati na jiran kuɗin shiga. Akwai hanya ta uku, a ɗebi duka biyun tare amma a daidaita saurinsu yadda iyakar gas ba za ta motsa sosai ba, ita kuwa ba ta yiwuwa sai da kwaikwayon kwamfuta mai kyau da awon matsi a kai a kai. 'Yan Norwe sun zaɓi jira. Sun fara sayar da gas daga gabashin Troll a 1996, inda man bai taka kara ya karya ba, amma babban aikin ɗibar gas ɗin da ke danne da man yammacin filin sai a watan Agustan 2021 aka buɗe shi, shekara 26 bayan fara haƙo man.